Kafin a Kwance Bututu: Lacca a kan Bawul ɗin Killace Layi a Masana'antu

 

Shugaban taro, malamaina da ke zaune a sahun gaba, injiniyoyi da ma'aikatan da suka ajiye aikinsu suka zo, da ku ƙannena ɗalibai, ina yi wa kowa barka da zuwa. 

An nemi in yi magana a kan bawul, kuma ba kowane iri ba, wanda ake rufewa don a raba wani sashe na bututu da sauran masana'anta kafin ɗan Adam ya sa hannu a ciki. Da yawanku nan da 'yan shekaru za ku tsinci kanku a gaban irinsa. Wani a matatar mai ta Kaduna da ta fara aiki a 1980, wani a matatar Dangote da ke Lekki, wani a SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011, wani a tashoshin bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano. Mafi yawa kuwa a ƙananan wurare za ku fara: tukunyar tururi a wani kamfani a Sharaɗa ko Bompai, ko tashar ɗura gas ɗin girki a gefen gari. Girman wurin ba ya canja komai. Tururi mai matsin bar 10 zafinsa ya haura digiri 180, kuma yadda zai sale fatar mutum a babbar matata haka zai sale ta a kamfanin sabulu.

Aikin wannan bawul biyu ne kawai: ko ya buɗe gaba ɗaya, ko ya rufe ruf. Wannan ya bambanta shi da bawul ɗin daidaita gudu, wanda ake sarrafawa daga ɗakin kula, yana ƙara buɗewa yana ragewa duk yini. Shi wancan ba a ƙera shi don ya toshe hanya sarai ba, don haka ko allon kwamfuta ya nuna ya rufe, ba a dogara da shi a kwance bututu. Haka ma bawul mai hana komowa baya, wanda ke barin ruwa ya bi hanya ɗaya. Ɗan tsatsa ko guntun walda ya isa ya tokare shi, kuma ba ka da hanyar leƙa cikinsa. Ina roƙonku ku riƙe wannan tun yanzu, don a nan sababbin ma'aikata suka fi ruɗuwa.

Ire-irensa sanannu ne, ba zan daɗe a kansu ba. Akwai mai ƙofa, wanda ake murɗa kambunsa sau da yawa har ƙofar ƙarfe ta sauka ta datse hanya. Idan mai sanda mai tasowa ne, tsawon sandar da ta fito waje shi ke gaya maka inda ƙofar take. Ba a barinsa rabi a buɗe, domin gudun ruwa zai cinye mazaunin ƙofar, ranar da ka buƙaci ya rufe ya kasa. Akwai mai ƙwallo, wanda juyi ɗaya na kwata ya ishe shi: hannu a miƙe da bututu a buɗe yake, hannu a gicciye a rufe. Akwai mai faifai da ke juyawa a tsakiyar manyan layukan ruwa, akwai kuma mai allura da za mu haɗu da shi idan mun zo kan na'urorin awo.

Abin da ya kawo ni yau magana ɗaya ce. A masana'anta, wani ya ce maka “an rufe” bai isa ka ɗauki sifana ba, sai ka gani da idonka cewa babu matsi a bayan bawul ɗin. Kowa a nan ya san famfon gida da ake murɗewa iya ƙarfi amma ya kwana yana ɗiga a bokiti. To, bawul ɗin masana'anta ma haka yake tsufa, mazauninsa ya ci, datti ya maƙale masa, sai dai shi ɗigarsa ciki take yi, inda ido ba ya kaiwa, kuma abin da ke ɗiga zai iya zama gas mai cin wuta ko asid.

A ranar 23 ga Oktoba, 1989, a garin Pasadena na jihar Texas a Amurka, ma'aikatan ɗan kwangila suna share wani bututu da ya toshe a ƙarƙashin tukunyar haɗa roba ta kamfanin Phillips. Tsakaninsu da gas mai zafi da matsi da ke cikin tukunyar, bawul ɗaya ne tak, mai ƙwallo, wanda iska ke juyawa. Bawul ɗin yana da mesar iska biyu, ɗaya ta buɗewa ɗaya ta rufewa, kuma bakunansu iri ɗaya ne sak. Bincike ya gano cewa an jona su a juye. Wanda ya dubi makunnin zai ga yana kan rufewa, alhali ƙwallon a buɗe yake. Gas kusan tan 40 ya fice kusan lokaci guda, bai kai minti biyu ba ya tarar da wuta. Mutum 23 suka rasu, fiye da 300 suka ji rauni. Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari shi ne, ƙa'idar kamfanin ta ce irin wannan aiki sai da bawul biyu ko faifan toshiya, amma wannan masana'anta ta tsara nata tsarin da ya wadatu da ɗaya, aka daɗe ana yi ana wanyewa lafiya, har kowa ya ɗauka daidai ne.

Ba wai ana so mu yarda cewa za a sami bawul ɗin da ba ya yoyo ba. Dabarar da masana suka tsaya a kai ita ce a ɗauka kowane bawul zai iya yoyo, a shirya wa hakan. Sai a jera biyu, a bar ɗan tazara tsakaninsu, a sa ƙaramin bawul na tsiyaya a wannan tazarar. Ka rufe na farko, ka rufe na biyu, ka buɗe na tsiyaya zuwa wuri amintacce. Abin da ya maƙale a tsakani zai fita da huci, sannan ya lafa. Idan ya lafa ya tsaya, na farkon ya riƙe. Idan ya ci gaba da tsiyaya, ko ka rufe na tsakiyar ka ga allurar geji tana hawa a hankali, to bawul ɗinka yana yoyo, kuma ka sani tun kafin ka taɓa noti. Ko yoyon ya fara ana tsakiyar aiki, ta ƙofar tsiyaya zai fita, ba zai taru ya danna na biyun ba.

A nan akwai tarkon da ba a cika faɗa a aji ba. Ɗan bawul ɗin tsiyaya shi kansa yakan toshe da tsatsa ko kakin mai. Ka buɗe, shiru, ka yi murna layi ya huce, ashe ramin ne a cushe. Don haka gogaggen ma'aikaci yakan so ya ji hucin farko da kunnensa, ya ga allurar geji ta sauko a gabansa daga sama zuwa sifili. Gejin da ka tarar tun farko a kan sifili bai gaya maka komai ba. Kuma ko bayan duk wannan, idan ya zo kwance mahaɗin bututu, notunan da ke can ɗaya gefen, nesa da jikinsa, su yake fara sassautawa, ya bar na kusa da shi a ɗaure, ya ɗan buɗa bakin kaɗan. In akwai saura a ciki, can zai fesa. Ku lura da tsofaffin ma'aikata idan kun je sanin makamar aiki, za ku ga ba sa tsayawa daidai saitin mahaɗi.

Sama da bawul biyu akwai abin da ya fi su, wato a raba layin zahiri: a cire guntun bututu a toshe bakin da faifan ƙarfe, ko a zura faifai tsakanin mahaɗi biyu a ɗaure. Akwai wani mai siffar lamba 8, gefe ɗaya rami gefe ɗaya toshe, wanda daga nesa kana ganin gefen da ke waje ka san wanda ke ciki. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta kasa killacewa hawa uku: na sama shi ne wannan rabuwa ta zahiri, na tsakiya bawul ɗin da aka gwada aka tabbatar, na ƙasa bawul ɗin da aka rufe ba a gwada ba. A ra'ayina, duk aikin da zai sa mutum ya shiga cikin tanki, ko a kunna walda, ko layi ya kwana a buɗe, bai kamata a karɓi komai ƙasa da hawan farko ba, ko da za a ɓata rabin yini wajen ɗaura faifan.

Sai kwaɗo. Bawul ɗin da ka rufe, wani zai iya zuwa ya buɗe da kyakkyawar niyya, don bai san kana can ƙarshen layi ba. Shi ya sa ake zarga sarƙa a kambun, a sa wani maƙalli mai ramuka da yawa, kowane ma'aikaci ya rataya nasa kwaɗon, ya sa makullin a aljihunsa, a liƙa kati mai sunansa da kwanan wata da dalili. Mutum biyar ke aikin, kwaɗo biyar. Bawul ba zai motsa ba sai na ƙarshensu ya fito ya cire nasa. Amurka ta mayar da wannan doka a 1989. Kuɗin kwaɗo bai taka kara ya karya ba, kuma ban san wani abu mai arha irinsa da ya tsare rayuka da yawa a wannan sana'a ba. Kada ka ba kowa makullinka, ko ogan ne, ko don za ka je salla ka dawo.

Amma ƙarfe kaɗai ba ya isa, akwai takarda, akwai kuma baki. A ranar 6 ga Yuli, 1988, a dandamalin haƙar mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, arewa maso gabas da Aberdeen, ma'aikatan rana sun cire bawul ɗin rage matsi na ɗaya daga cikin injinan tura ruwan gas guda biyu don a gwada shi. Suka rufe bakin bututun da faifai, amma ba a ɗaure shi yadda zai riƙe matsi ba. Aikin bai ƙare ba har yamma, aka ajiye takardar izinin aiki ba tare da an zauna an yi wa masu karɓar aikin dare bayani ba. Wajen ƙarfe goma saura kwata na dare injin na biyu ya tsaya. Ma'aikatan dare, don kada aiki ya tsaya cik, suka tayar da na farkon, ba su san bawul ɗinsa ba ya nan ba. Gas ya fita ta gefen faifan, wajen ƙarfe goma aka yi fashewar farko. Mutum 167 suka rasu a daren. Kwamitin Lord Cullen da ya yi bincike ya fitar da rahotonsa a 1990 da shawarwari 106, kuma tsarin takardar izini da miƙa aiki na cikin abubuwan da ya fi yi wa kaca-kaca. Ku dubi yadda abin yake: faifan toshiya, wanda na ce muku shi ne hawan sama, shi ne ya yi yoyo, saboda ba a ɗaure shi ba, ba a gwada shi ba, kuma wanda ya san halin da yake ciki ya tafi ya kwanta.

Wannan dare yana da darasi na biyu. Fashewar farko ba ita ce ta ci mafi yawan mutanen ba. A lokacin, Piper Alpha mahaɗa ce ta manyan bututai daga wasu dandamali, Tartan da Claymore, waɗanda ba su dakatar da turo mai nan take ba. Bayan kamar minti 20 zafin wuta ya fasa bututun gas na Tartan, duk gas ɗin da ke cikin dogon layin ya kwararo cikin wutar, babu bawul a ƙarƙashin teku da zai datse shi. Bayan wannan ne aka tilasta sa bawul ɗin rufewar gaggawa a inda bututai ke hawowa dandamali. A tudu ma an ga irin haka. A San Bruno ta jihar Kalifoniya, ranar 9 ga Satumba, 2010, bututun gas ya fashe a tsakiyar unguwa, sai da aka yi minti 95 kafin a tsayar da gas ɗin, domin sai da ma'aikata suka shiga mota suka je suka murɗa bawul da hannu. Mutum 8 suka rasu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus. Tun da bututun gas na tunkarar garuruwanmu, ya dace ku masu ilimin abin ku riƙa tambaya: ina bawul mafi kusa, wa ke iya rufe shi, kuma cikin minti nawa?

Bari in juya ga ƙananan layuka na na'urorin awo, waɗanda ake rainawa saboda kaurinsu bai wuce ɗan yatsa ba. Matsin da ke cikin babban bututu shi ne a cikin wannan siririn, babu ragi. A inda ya fita daga uwar layi akwai bawul ɗin tushe, shi ne na gaskiya, kuma dole ya kasance mai ƙarfin uwar layin. Kusa da na'urar akwai masu allura, waɗanda ke buɗewa sannu a hankali don kada matsi ya daki na'urar lokaci guda. Na'urar da ke auna bambancin matsi tsakanin wuri biyu tana zuwa da dunƙulen ƙarfe mai bawul uku ko biyar: biyu na toshe kowane gefe, na tsakiya na daidaita gefen biyu, sauran na tsiyaya. Jerin yana da muhimmanci. Ka rufe gefe ɗaya, ka buɗe na daidaitawa, ka rufe ɗaya gefen, sannan ka tsiyaye. Idan ka bar gefe biyu a buɗe tare da na tsakiya, abin da ke cikin layin zai ratsa ta nan da gudu, a layin tururi kuwa zai kore ruwan da ke kare na'urar, zafi ya iso inda bai kamata ba.

Kafin duk wannan, ka sanar da ɗakin kula. Na'urar da kake killacewa wataƙila ita ke ba wa wani babban bawul umarni. Da zarar ka rufe, za ta daskare a kan lamba ɗaya ko ta faɗi sifili, kwamfuta ta ɗauka gaskiya ce, ta buɗe abin da bai kamata ta buɗe ba. Kuma in ka gama, ka mayar da komai yadda ka tarar. Na'urar awon da aka manta bawul ɗinta a rufe tana nan tana nuna lamba mai kwantar da hankali alhali tanki na cika.

Mantuwa wajen sake buɗewa hatsari ce mai zaman kanta. A tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania, da asubahin 28 ga Maris, 1979, injinan ruwan gaggawa sun tashi yadda aka tsara, amma ruwan bai wuce ba, don bawul biyu da ya kamata su kasance a buɗe a rufe suke. Sai da aka yi minti 8 kafin a lura, kuma katin gyara da aka rataya a allon ya kare ɗaya daga fitilun da za su nuna haka. A wannan asubahin kuma wani bawul ɗin rage matsi ya maƙale a buɗe, fitilarsa tana nuna an aika masa umarnin rufewa, masu aiki suka karanta ta a matsayin ya rufe. Fiye da awa biyu ruwan sanyaya yana zubewa kafin wani ya rufe bawul ɗin killacewa da ke kan layin. Saboda haka lissafin bawul ɗin da aka rufe a farkon aiki shi ne za a bi ɗaya bayan ɗaya a ƙarshensa, mutum biyu, ɗaya na taɓawa ɗaya na sa hannu.

Akwai abubuwan da yanayinmu ya ƙara mana. Ranar watan Afrilu idan ta daki bututun da aka kulle ruwan gas ko man fetur cikinsa tsakanin bawul biyu, ruwan zai nemi kumbura ya rasa wuri, matsi ya yi tashin da zai iya fasa gaskit. Shi ya sa ake sa ɗan bawul ɗin rage matsi a irin wannan sashe, kuma ba a toshe shi. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris ta daskare a kan sandar bawul, wanda ya shekara ba a motsa shi ba ya ƙi juyawa ranar da ake neman agajinsa. Daga nan sai a zura dogon bututu a kan sifana, ƙarti biyu su hau, a murɗe sandar ko a fasa mazaunin. Maganin wannan shi ne a riƙa zagayawa ana shafa musu mai ana motsa su bisa jadawali. Sai kuma kayan kasuwa. A jikin kowane bawul na kirki an rubuta ajinsa: na aji 150 na baƙin ƙarfe yana ɗaukar kusan bar 20 a zafin ɗaki, na aji 300 kusan bar 50, kuma zafi na ƙaruwa abin da suke iya ɗauka na raguwa. Bawul ɗin ruwan famfo da aka saya da arha aka ɗaura a layin gas, ko tsohon da aka yi wa fenti ya fito kamar sabo ba takardar gwaji, duk wanda ya sa hannu aka saye shi ya ɗauki alhakin da ba zai so a tambaye shi ba.

Mun yi imani da ƙaddara, kuma addinin da ya koya mana ita shi ne ya umarce mu da riƙon sababi da tsare amana. Ran ma'aikaci amana ne a hannun wanda ya tura shi aiki. Don haka ina kira ga manyanmu da ke nan, masu kamfanoni da shugabannin sashe: idan yaro ya ce “Oga, ban ga an tsiyaye ba,” ko “Oga, bari in ɗauko kwaɗona,” kada a yi masa tsawa a gaban mutane, kada a kira shi matsoraci. Sau ɗaya za a kunyata shi ya daina tambaya, sauran yara ma su koya daga gare shi. Ku saya musu kwaɗo, ku ba su lokacin gwaji a cikin lissafin aikin, ku tsaya a yi miƙa aiki baki da baki a gaban takarda.

Ku kuma ƙannena, na san nauyin da ke kan sabon ma'aikaci a gidajenmu, da kunyar musa wa babba. Ba sai ka ɗaga murya ba. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce yallaɓai a nuna mini bawul ɗin, mu buɗe na tsiyaya tare, in ga allura ta sauko, in rataya kwaɗona. In an ƙi, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka ajiye sifanar ka nemi jami'in kula da lafiyar ma'aikata.

Ina roƙon malaman wannan sashe da su kai ɗalibai ɗakin gwaji kafin ƙarshen zangon nan, a haɗa musu bawul biyu da na tsiyaya a layin ruwa, a ɓoye mai yoyo a ciki, kowane ɗalibi ya gano shi da hannunsa kafin a ba shi maki.